Kawu Mai Ƙirga Magana

Ranar Talata da hantsi aka fita da Kawu. Kafin azahar an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mu mata muna ciki muna jiyo maza ta bayan katanga, wannan ya yi addu'a a shafa, wancan ya ɗauka. Duk wanda ya shigo da magana ɗaya yake shigowa, cewa na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma.

Ɗalibansa sun zo da yawa. Wani babban ma'aikaci ya taso tun daga Katsina, ya shigo har ciki ya durƙusa gaban Hajiya, matar Kawu. Da ya gama gaisuwa sai ya ce, "Hajiya, ni har yau in na shiga taro na ga mutum ya riƙe magana ya ƙi saki, sai in ji hannuna yana neman fensir." Hajiya ta ɗan yi murmushi, ta goge ido da bakin mayafi. Wani kuma mai Napep ne, ya yini yana ɗauko masu gaisuwa daga tasha, ya ƙi karɓar komai a hannun kowa. Wata tsohuwa mai kawo mana nono ta ajiye ƙwaryarta a bakin ƙofa ta zauna tana kuka. Ta ce tun da aka kore musu shanu, a duk garin nan Malam kaɗai ya taɓa zaunar da ita ya tambaye ta yadda abin ya faru. Amininsa, Alhaji mai hatsi, na jiyo shi yana cewa, "Tun muna samari muke tare, ban taɓa gane amfanin aikin nan nasa ba. Amma mutum ne."

Da yamma wata maƙwabciya ta matso kusa da ni, ta rage murya. "Wai da gaske ne littattafan Turawa ne suka taɓa masa kai a ƙarshe?"

Ban ba ta amsa ba, don ni in raina ya ɓaci harshena kamawa yake yi. Amma tambayarta ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ba na son abin da zai rage na Kawu a unguwa ya zama wannan maganar.

Kawu wan mahaifiyata ne. A wani ƙauye gaba da Wurma aka haife su, su uku: shi, sai mahaifiyata, sai autansu da muke kira Kawu Ƙarami, mai sayar da hatsi a Kurfi. Kawu kaɗai ya yi boko mai nisa. Ya koyar da adabin Turanci a wata sakandare a nan Dutsin-Ma har ya yi ritaya. A cikin duk abin da yake koyarwa, babu wanda ya kama zuciyarsa kamar tsofaffin wasannin kwaikwayo na Girkawa da na Ingila, irin waɗanda ba a tashi sai an yi gawa. Shi "wasannin makoki" yake ce musu.

Sauran malamai karantawa suke su yi bayani. Kawu ƙirgawa yake yi. Ya ɗauki littafin rubutu, ya ja layuka da rula, ya jera sunayen 'yan wasa a saman shafi, sannan ya bi wasan da tsinin fensir. Sarki ya yi magana layi kaza, ya rubuta. Matar sarki kaza. Bawa kaza. 'Yan amshi, wato dattawan nan da ke tsayawa gefe suna ta jimami ba su hana komai ba, su ma ya ƙirga nasu. In ya gama da layuka ya koma kan kalmomi. In ya gama da kalmomi ya cire agogon hannunsa ya ajiye a kan tabarma, ya karanta maganar kowa da ƙarfi, ya rubuta minti nawa ta ci. Bayan la'asar yake yi, a gindin darbejiyar tsakar gida, kaji suna kewaya shi.

Hajiya takan ce, "Malam, mutanen nan ko rayuwa ba su taɓa yi ba, wani ne ya ƙago su. Mi za ka yi da yawan maganarsu?"

Yakan ce, "So nake in san wa aka bari ya yi magana."

A aji yakan ɗaga littafin ya nuna mana. "Ku duba wanda ya fi kowa cika shafi. Ku riƙe sunansa, yawanci shi za a ɗauko a ƙarshe." Yakan kuma ce a wasanni da yawa akwai wanda ya faɗi gaskiya tun da wuri, mai gadi ko makiyayi ko baiwa, amma in ka aza yatsa ɗaya a shafin ka rufe duk maganarsa.

Ni ma a ajinsa na yi karatu, a gidansa kuma na zauna shekarun sakandare. Ina da in'ina tun ina ƙarama. A makaranta na gwammace a yi mini bulala da a ce in tashi in karanta. Shekarar da muke aji huɗu Kawu ya mayar da ɗaya daga cikin wasannin nan zuwa Hausa don bikin ƙarshen shekara. Ranar rabon 'yan wasa na ɓuya a bayan aji. Da muka koma gida ya kira ni gindin darbejiya, ya buɗe littafinsa.

"Na duba, na samo miki wadda ta fi kowa ƙarancin magana. Layi uku ne."

Na ce, "Ka-ka-kawu, ba zan iya ba."

Ya miƙo mini takarda. "Karanta tukuna."

Na karanta a hankali, na kai ƙarshe ban tsaya ba. Na ɗago kai ina mamaki. Ya ce, "Na daɗe ina sauraren ki. Kalmar da ta fara da 'ka' ko 'ba' ita ke kama ki. Na fitar da su duka, na sa wasu. Inda na ɗiga fensir, nan za ki ja numfashi." Ashe watanni ya yi yana lura da bakina, bai taɓa nuna mini ba. Ranar wasan na hau dandamali na faɗi layukana uku a gaban iyaye da malamai. Yau shekarata goma sha wani abu ina koyarwa a firamare, kuma daga wannan takardar abin ya fara. In'inar ba ta bar ni gaba ɗaya ba. In na tsorata takan dawo.

Bayan ya yi ritaya, wani tsohon ɗalibinsa da ke koyarwa a jami'a ya zo masa da kwamfuta. Ya zaɓi wasan da Kawu ya yi damina guda yana ƙirgawa, ya danna, kafin Hajiya ta kawo ruwa lissafi ya fito. Kawu ya sa tabarau, ya ɗauko nasa littafin ya gwada. Kusan daidai suke. Ya cire tabarau. Can ya ce, "Akwai wurin da wata mata take tsaye a dandamali tun daga farkon fitowa har ƙarshe, ba ta ce uffan ba. Kwamfutar ta ƙirga wannan?"

"A'a, Malam. Ba ta ƙirga shiru."

Kawu ya gyaɗa kai. "To ni ma ban ƙirga ba." Washegari na same shi ya ja sabon layi a gefen shafi, ya koma wasan daga farko.

Zan yi ƙarya in na ce Kawu mai sauƙin zama ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna maganar wasu, shi kansa in ya fara magana ba a samun wurin shiga. Yana da hujja, yana da misali, yana da murya ta malamin da ya saba aji ya yi tsit. A danginmu in Kawu ya yanke, an gama.

Ɗansa na fari, taubashina, bai ɗauko boko ba. Noma ya so. Ya koma ƙauye ya riƙe gonar kakanmu, ya yi aure a can, ya haifi 'ya'ya biyu. Kasancewarsa ɗan fari, Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". Ko zama ɗaya ba su cika yi ba. In sun haɗu, ɗan ya durƙusa ya gaishe shi, uban ya amsa yana kallon wani wuri. Na san yana son sa. Duk buhun geron da aka kawo daga ƙauye sai Kawu ya zura hannu ya ɗebo, ya daɗe yana murzawa.

Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan wajen, mutanenmu suka taso. Taubashina ya kawo iyalinsa gidan Kawu, tare da wasu dangi. Gida ya cika, har zaure aka raba da labule. Shi kuma ya shiga acaba da babur ɗin wani, aikin da bai iya ba bai kuma so ba. Farkon damina ya lallaɓa ya je ya yi shuka, ya yi noman farko, ya gudo. Gero ya yi kyau a shekarar. Da ya nuna, sai aka fara cewa abin ya lafa, wasu sun koma suna girbi.

Wata Juma'a bayan la'asar Kawu ya tara mu a tsakar gida. Kawu Ƙarami ya zo daga Kurfi. Mahaifiyata tana nan, ni na rako ta. Taubashina ya zauna a ƙasa can gefe, kansa a sunkuye. Matarsa tana bakin murhu tana tuƙa tuwo.

Kawu Ƙarami ya fara. "Yaya, ni a kasuwa nake, ina jin abin da ake faɗa. A bar geron nan. Kada yaron nan ya tahi."

Kawu ya karɓe. Ya yi maganar gonar mahaifinsu, da yadda tsohon ya sare ta da hannunsa. Ya yi maganar bakunan da ke cikin gidan. Ya ce tsoro ma makami ne, in an bar wa mutanen nan gona bana, baɗi gari za su nema. Ya kawo sunayen waɗanda suka je suka dawo lafiya. Duk abin da ya faɗa akwai gaskiya a ciki. Kawu Ƙarami ya sake buɗe baki sau biyu, sau biyu ana ce masa, "Bari in ƙarasa."

Ana cikin haka matar taubashina ta yi magana daga bakin murhu, ba ta ɗago kai ba. Suruka ce a gaban surukinta, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Yayana ya bugo waya, ya ce shekaranjiya an gan su a bakin rafi."

Kawu yana tsakiyar magana, ya wuce. Mijinta bai juyo ba. Ni ce na fi kusa da ita, na ji ta sarai. Na buɗe baki zan maimaita, "Ka" ɗin Kawu ta tsaya mini a maƙogwaro. Na gwada sau biyu. Sai na ce a raina ai kowa ya ji, na yi shiru.

Da aka kira magariba Kawu ya dubi wajen da ɗansa yake, ya ce, "Yaron nan ya shirya ya je. Kwana uku ya isa."

Taubashina ya ce, "To, Baba."

Ranar Lahadi ya tafi da mutum biyu. Ranar Litinin da safe suna cikin yankan gero aka fito musu daga wajen rafi. Ɗaya ya tsira ya kawo labari. Da yamma aka kawo gawar taubashina a bayan wata mota, an lulluɓe shi da buhunan da ya tafi da su.

A zaman makokin ne aka yi rigimar da ta raba Kawu da ƙaninsa. Kawu Ƙarami ya yi ta daurewa har kwana na uku. Da aka shafa addu'a mutane suka fara tashi, ya miƙe ya tsaya a kan yayansa.

"Yaya, kai da kake ƙirga maganar matattun Turawa, ka ƙirga taka ta ran Juma'a?"

Dattawa suka taso suna salati, aka janye shi. Daga ranar Kawu Ƙarami bai sake taka gidan ba. Mahaifiyata ta yi ta zirga-zirga tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma har ta gaji. Sai a rashin lafiyar Kawu ta ƙarshe ƙanin ya zo asibiti, ya zauna a bakin gado, ya riƙe masa ƙafa. Ba su tayar da maganar ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne Kawu ya ɗauki tambayar da gaske. Bayan arba'in ya sayi sabon littafi, ya ja layuka, ya jera mu a saman shafi, mu da muka zauna ranar Juma'ar. Ya fara rubuta duk abin da ya tuna an faɗa. Ya tambayi Hajiya. Ya je ya tambayi mahaifiyata. Daga nan ne maganar taɓin kai ta fita unguwa, don an ga dattijo yana yawo da littafi yana tambayar mutane me suka ce a wata ranar da ta wuce.

Ni ya zo wa a ƙarshe, bayan 'yan watanni. Ya same ni a makarantarmu bayan an tashi, ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai ƙirjinsa. Ya rame. Ya buɗe littafin ya nuna mini. Nasa sashen ya ci shafi bayan shafi. Na Kawu Ƙarami bai kai rabin shafi ba. A ƙarƙashin ɗansa kalma biyu ce. A ƙarƙashin surukarsa babu komai.

Ya ce, "Ɗiyata, ke kina da kunne. Akwai abin da na bari?"

Na so in ce babu. Wallahi na so. Mutum ne da ya binne ɗansa, ƙaninsa ya tozarta shi a gaban jama'a. In na yi shiru babu wanda zai sani, surukar ba za ta taɓa faɗa masa ba. Amma in na faɗa, nawa laifin ma zai fito. Na dubi fensirin da ke hannunsa, na ga yana jira.

Na fara. In'inar ta zo mini irin wadda ban yi ba tun ina yarinya. Kalma ɗaya sai in yi ta dukanta. Kawu bai ƙarasa mini ko ɗaya ba, bai kawar da kai ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba kafin na fitar da maganar yayanta da wayar da bakin rafi. Na ƙara da cewa na ji, na kuma kasa maimaitawa.

Ya tambaya, "A daidai ina ta faɗa?"

Na ce, "Kana maganar waɗanda suka je suka dawo."

Ya juya shafuka ya nemo wurin, ya aza yatsa. Ya rubuta maganarta a ƙarƙashin sunanta. Layi ɗaya da rabi ta ci. Ya rufe littafin.

"Ke ba ki da laifi. Ni ne ban bar wurin da za ki shiga ba."

Ya tashi ya fita. Ta taga na ga ya wuce masu Napep bai tsayar da kowa ba, ya kama hanya da ƙafa cikin rana.

Tun daga ranar ban sake ganin ya buɗe wasan makoki ba. Ya tattara littattafan ƙirgarsa ya zuba a akwatin ƙarfe. Ya daina zama a gindin darbejiya. In an kira shi sulhu ko ɗaurin aure yakan je, amma ya zauna a baya. Masu neman shawara suka daina zuwa, don in ka gama bayani sai ya ce, "Sai me kuma?" ya ci gaba da kallon ka. Wasu sun ɗauka girman kai ne, wasu suka ce ciwo ne. Shekara biyu ya yi a haka, hawan jini yana cin sa, har abin ya kwantar da shi.

Surukar ta gama takaba ta koma gidan iyayenta da yaranta, a Kurfi inda suka yi hijira. Ba mu cika haɗuwa ba. Ranar addu'ar uku ta Kawu ta zo. Ta gaishe da Hajiya, ta taya wanke-wanke, sannan ta same ni a bayan ɗaki ina tsince shinkafa. Ta zauna ta ja tiren gabanta. A nan ta ba ni labarin da ban sani ba.

Ta ce kwana biyu bayan ya je makarantarmu, Kawu ya hau mota ya same ta a Kurfi. Mahaifinta ya shimfiɗa masa darduma, ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Ya sa aka kira ta. Ta durƙusa daga nesa, fuskarta a rufe.

Ya ce, "Ran Juma'ar nan kin yi magana ban ji ba. An faɗa mini. Na zo in ce miki na ji."

Ta ce ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba, ita da ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Ta ce masa, "Baba, yanzu kuma mi zan yi da shi?"

Ya sunkuyar da kai. Ita kuma ta ci gaba. Ta faɗa masa yadda ta roƙi mijinta a ɗaki, ya ce ba zai iya saɓa wa mahaifinsa ba. Ta faɗa masa yadda ta ɓoye masa lauje ya nemo. Ta faɗa masa ƙaramar ɗiyarta har yanzu in ta ji ƙarar babur sai ta ruga ƙofa. Tun bayan azahar take magana har aka kira la'asar, mahaifinta yana ta yi mata alama ta yi shiru. Kawu bai katse ta ko sau ɗaya ba. Da ta gama ya ce, "Ki yafe mini." Ta tashi ta shige ɗaki.

Bayan nan duk ƙarshen wata yakan zo. Ya kawo wa yaran ƙuli-ƙuli ko rake, ya zauna a zaure su hau jikinsa, ta kawo masa ruwa ta gaishe shi ta koma. Bai sake roƙon ta ba.

Ta tsaya da tsintar shinkafar, ta dube ni.

"Na yafe masa, Allah Shi ne shaida. Tun a zuwansa na biyu na yafe. Kullum in ya zo sai in ce yau zan faɗa masa, sai kunya ta hana ni, in ce bari sai wani zuwan." Ta share fuska da bayan hannu. "Watan jiya bai zo ba."

Na matso da tiren tsakaninmu. Muka ci gaba da tsintar shinkafar har aka kira mu.

Allah Ka ji ta, ko da shi bai ji ba. Ka yafe wa Kawu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da ɗansa a inda babu tsoro.